Ina son kai Baba ganin ruwan Victoria, ta ina zan fara batun biza?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina malamin labarin ƙasa ne, shekara 31 ya yi yana koyarwa a sakandare nan Zariya. Duk shekara sai ya zana wa ɗalibai kogin Zambezi a allo, ya nuna musu inda ruwan ke zubowa daga tsayin da ya haura mita 100, a iyakar Zambiya da Zimbabuwe. Har sunan da mutanen wurin ke kiransa ya haddace mana tun muna yara, Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Amma bai taɓa gani da idonsa ba. Yanzu ya yi ritaya, ni kuma Allah ya ɗan hore mini, ina son in kai shi tun yana da ƙarfin ƙafa. Wani mai harkar tikiti ya ce mini a filin jirgi ake buga biza ɗaya ta dala 50, ta ƙasashen biyu. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah wanda ya sani ya haska mini.

Wani malamin jami'a daga Samaru:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka. Bizar da ya faɗa maka akwai ta, KAZA sunanta, amma 'yan wasu ƙasashe aka ware mata, mafi yawansu Turawa da Amurkawa. Lokacin da na je taro Harare, babban birnin Zimbabuwe, na duba jerin, babu Najeriya. Mu tun daga gida muke nema ta intanet, a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da za ka, a amince maka kafin ka hau jirgi. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai amincewar ta fito. Kuma ka buɗe shafin da kanka, don ƙa'idar tana canzawa.

Wata Hajiya 'yar kasuwa daga Sabon Gari:
Ɗana, kar ka manta da katin rigakafin shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa. Sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, to kar ku bari sai satin tafiya. Jami'an lafiya na filin jirgin Kano ko Abuja ke bayarwa. Ku yi allurar da gaske, ban da katin bayan fage. Sannan ka duba fasfon Baba, ya zama da sauran wata 6 aƙalla, da shafuka da ba a buga komai ba.

Wani matashi daga Tudun Wada:
Yaya, mu ma muna da ruwa mai zubowa daga tsauni, ga Matsirga nan a Kafanchan, ga Gurara a Neja. Ba biza, ba dala.

Mai tambaya:
Gaskiya ne ƙanena, mun je Gurara tare da shi. A can ne ma ya tsaya yana kallo ya ce, to ina ga Zambezi.

Wani injiniya daga Gyallesu:
Ni na je, bari in faɗa maka inda na yi kuskure. Na sauka Livingstone a Zambiya cikin Nuwamba, ƙarshen rani, na tarar ɓangarensu kusan dutse ne zalla, ruwan na ta zuba a can tsallake. Bizar Zimbabuwe kuma ban nema ba, na zaci tunda gada ce kawai a tsakani zan taka in wuce. Abin da aka ba ni a bakin iyaka 'yar takardar hawa gadar ce, tsohuwar nan ta 1905, na tsaya a tsakiya na hango na dawo. Har yau abin na yi mini ciwo.

Saboda haka in ƙasa ɗaya za ku nema, ku nemi Zimbabuwe. Mafi yawan wuraren tsayawa kallo suna can, ruwan ɓangarensu ba ya ƙafewa, hanyar kuma shimfiɗe take, dattijo zai iya bi a hankali. In kuna son ɓangarorin biyu, bizar ƙasar da kuka sauka ta zama mai shiga sau 2, in ba haka ba da kun tsallaka ta mutu. Afrilu da Mayu ruwa ya cika har feshinsa na rufe gani, ya jiƙa mutum sharkaf. Yuni zuwa Agusta ya fi, sai dai sanyinsu ke nan, a tafi wa Baba da rigar sanyi. Jirgin Habasha na tashi daga Abuja, a canza a Adis Ababa, a sauka garin Victoria Falls a Zimbabuwe. Ku riƙe dala sababbi, ƙananan takardu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauko fasfon Baba yanzu, ashe a watan Maris zai ƙare. Gobe in sha Allah za mu fara da sabunta shi, sai allura, sai bizar Zimbabuwe, mu nufi Yuli. Injiniya, zan neme ka kan batun masauki kusa da masallaci. Ban gaya masa inda za mu ba tukuna, sai biza ta fito.