Supercomputer da Hausa: babba ce, giwa ce ko gagaruma?

Jama'a ina neman taimako, tun jiya nake fama da fassara kalmar nan supercomputer, wato kwamfuta mai tsananin ƙarfi da saurin lissafi. Kowa cewa yake "babbar kwamfuta", ni kuma bata kwanta min ba, don kwamfutar tebur ma babba ce in ka ajiye ta kusa da waya. Ai ba girman jiki ake nufi ba.

Ku duba ta China, Sunway TaihuLight da ke birnin Wuxi. A 2016 ta zo ta ɗaya a jerin TOP500 na kwamfutoci mafiya sauri a duniya, kuma cikinta furosesa (ɓangaren da ke yin lissafi a kwamfuta) 40,960 ne aka jona su suna cin aiki ɗaya tare, kowanne ya ɗau guntun lissafi ya yi ya miƙa. Wato taron dangi suke wa lissafi. Wani ya ce min to a ce "giwar kwamfuta", na ji daɗinta a baki gaskiya, amma giwa guda ce kuma ba a san ta da sauri ba. Ni dai na fi karkata ga "gagarumar kwamfuta", gagarumi ya ɗauki ƙarfi da wuyar ja, ba faɗi kawai ba.

Furosesa kuma mu bar shi haka nan. In ka ce ƙwaƙwalwa sai a rikice, kwamfutar ma gaba ɗayanta na'ura mai ƙwaƙwalwa muke ce mata.

Inda na fi maƙalewa shi ne wai "ƙirar gida". A 2015 Amurka ta hana kamfanin Intel sayar wa wasu cibiyoyin China furosesan Xeon, shekara na zagayowa sai ga su da nasu furosesan SW26010 a cikin Sunway ɗin nan, to wannan kowa zai ce ƙirar gida ba gardama. Amma ku zo Japan. Kwamfutarsu Fugaku da ke Kobe, wadda ta zo ta ɗaya a 2020, furosesanta A64FX kamfanin Fujitsu ne ya zana shi, a kan tsarin kamfanin Arm wanda asalinsa Ingila, sannan aka kai wa kamfanin TSMC na Taiwan suka ƙera. To wa ya ƙera kenan? Maƙeri daban, mai zane daban, kuma mu a Hausa in ka ce ƙira ai wanda ya buga abin da hannunsa ake nufi, shi yasa in ɗan jarida ya rubuta "ƙirar Japan" ya faɗi abin da ba haka ba ko bai sani ba.

Don haka shawarata a raba su biyu. "Zanen gida" in ƙasar ce ta tsara shi, "ƙirar gida" sai in a masana'antarta aka buga shi. Sai jimlar ta zama: Japan ta haɗa gagarumar kwamfuta mai furosesa zanen gida.

Masu cewa zane zai sa a ɗauka hoto ne, na ji ku, "tsarin gida" ma na gwada amma sai ta yi min kama da maganar fasalin ɗakuna. Wanda ke da wadda ta fi ya kawo.