Sunayen da ke Matiyu 1: lissafina ya ƙi fita

Malamar Makarantar Lahadi, Zariya 2: Salama alaikum iyaye da ƴan'uwa. An ba ni Matiyu 1:1-17, jerin sunayen kakannin Yesu, in koya wa matasa. Aya 17 ta ce tsara goma sha huɗu sau uku, wato 42, amma na ƙirga sunayen na sami 41. Kuma da na gwada da 1 Tarihi 3, sai na ga akwai sarakunan da babu su. Kuskure ne? Ta ina zan ɓullo wa darasin don kada ya zama karanta sunaye kawai?

Dattijon majami'a, Tsibiri: Ɗiyata, ƙirgarki daidai take. Daga Ibrahim zuwa Dawuda 14, daga Sulemanu zuwa Yekoniya 14, daga Sheyaltiyel zuwa Yesu 13. In kin sake ƙirga Yekoniya a farkon kashi na uku, tunda aya 12 da shi ta fara, sai su cika. A aya 8 an tsallake Ahaziya da Yowash da Amaziya, a aya 11 kuma Yehoyakim. Ba mantuwa ba ce. A Ibrananci "ɗa" yakan kai har jika da tattaɓa kunne, kamar yadda maroƙi a ƙofar Sarkin Katsinan Maradi zai kira mutum ɗan wane, alhali wanen kakan kakansa ne. Baƙaƙen sunan Dawuda a Ibrananci (D, W, D) kuma suna da lamba: 4, 6, 4. Haɗa su ki gani.

Malamin Littafi: Gaskiya ne Baba. Ni dai shawarata, Malama, kada ki ɓata lokaci kan lissafin, minti biyar ya isa. Zana layi ɗaya a allo, ki rubuta alkawarai uku a samansa: Farawa 12:3 (albarka ga dukan al'ummai ta wurin Ibrahim), Farawa 49:10 (sandan sarauta a gidan Yahuza), 2 Sama'ila 7:12-16 (kursiyin Dawuda har abada). Sai ki sa alama a wuraren da igiyar zuriyar ta kusa tsinkewa.

Saratu ta wuce haihuwa, ga Ishaku. Ataliya, uwar Sarki Ahaziya, ta karkashe ƴaƴan sarauta, Yehosheba ta sace jariri Yowash aka ɓoye shi shekara shida a Haikali. A lokacin zuriyar sarautar Dawuda yaro ɗaya ce tak (2 Sarakuna 11). Wurin da ya fi tsanani shi ne Yekoniya. An kai shi Babila a 597 kafin haihuwar Almasihu, kuma Irmiya 22:24-30 ta ce ko da shi zoben hatimi ne a hannun Allah, za a tuɓe shi, ba kuwa ɗansa da zai hau kursiyi. Ki sa yaro ɗaya ya karanta wannan, wani ya karanta Haggai 2:23, inda Allah ya ce zai mai da Zarubabel, jikan Yekoniya, kamar zoben hatimi. Zoben da aka cire an mayar. Tsakanin ayoyin biyu akwai shekara 37 da Yekoniya (wato Yehoyakin) ya yi a tsare kafin a sake shi ya riƙa cin abinci gaban sarkin Babila (2 Sarakuna 25:27-30).

Mama, Zumuntar Mata: Kun manta da mata. Tamar, Rahab, Rut, matar Uriya, sannan Maryamu. Rahab ƴar Yariko ce, Rut Bamowabiya. To ga "dukan al'ummai" nan tun kafin a fita daga sura ta fari. Amma ki yi hattara da Farawa 38 gaban ƙananan yara. Ki ce Yahuza ya zalunci Tamar, daga baya ya yarda ta fi shi gaskiya, ki wuce.

Malamin Littafi: Madalla Mama. Saura abu ɗaya: wani mai wayo zai buɗe Luka 3:23-38 ya ce ai mahaifin Yusufu mijin Maryamu a can Heli ne, a Matiyu kuma Yakubu. Luka ya bi ta Natan ɗan Dawuda, Matiyu ta Sulemanu. Wasu masana sun ce Luka asalin Maryamu ya kawo, wasu sun ce Matiyu magadan sarauta ya jera. Ki faɗi ra'ayoyin biyu, kada ki rantse kan ɗaya, domin nassi bai yanke ba.

Malamar Makarantar Lahadi, Zariya 2: Na gode ƙwarai. Zan raba shi Lahadi biyu, in tsaya a Dawuda wannan makon.