Ƙafafun baya sun wuce nauyi a mota mai ɗaki, ina mafita?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu zama cikin mota a Turai. Fiat Ducato ce, rajistarta kilo 3,500, iyakar abin da lasisin B, wato lasisin tuƙin ƙananan motoci, ya yarda a tuƙa. Bayan an cika ta da kayan zama, sikeli ya nuna 3,460. Jimillar lafiya lau. Matsalar ƙafafun baya ne: suna ɗauke da 2,090, alhali farantin motar, inda aka rubuta iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka, ya ce 2,000.

Dalilin a fili yake. Tankin ruwa mai lita 100 da kekuna biyu duk suna bayan tayoyin baya, kuma abin da aka rataya can yana ɗaga gaba, yana danne baya fiye da ainihin nauyinsa. An canza baturan AGM biyu, masu dalma da nauyi, zuwa lithium marasa nauyi, amma suna ƙarƙashin kujerar direba, gaba kawai ya sauƙaƙa. Ko da rabin tanki ma, nauyin baya bai sauko zuwa 2,000 ba.

Jakar iska da ake sa wa ƙafafun baya don taimaka wa sifirin tana ɗaga mota, amma ba ta canza adadin faranti sai da takardar amincewar hukuma. Wa ya taɓa ƙara iyakar nauyin ƙafafun baya kaɗai, jimillar tana 3,500, ba tare da lasisin C1 na motocin da suka wuce kilo 3,500 ba? Tayoyi ma sai an canza?