Malaman ƙaramar sakandare, yaya kuke koyar da tattara alƙaluma a aji?

Malamar Lissafi, Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Na iso babin ƙididdiga da 'yan aji biyu, amma misalan littafi ba sa shigarsu. Lambobi ne da ba su san inda suka fito ba, su kwafa, su raba, gobe sun manta. Ba mu da kwamfuta, ajin kuma ya haura yara tamanin. Don Allah wanda ya gwada wata dabara ya taimaka mana.

Malamin Lissafi, Kano: Wa alaikumus salam Malama. Ni farashin gero na ɗora su a kai. Kowane yaro ya tambayo kuɗin tiya a unguwarsu, ranar Litinin mu jera a allo. Da muka ga tazarar ta yi yawa, sai wata yarinya da mahaifinta ke sayar da hatsi a Dawanau ta ce ai awon ba ɗaya ba ne: wani yana yi da tozo, wani a shafe, wani kwanon ma an bubbuge gindinsa. A nan muka tsaya. Darasin ranar ya koma kan cewa ba a kwatanta lambobi biyu sai an tabbata da ma'auni ɗaya aka auno su. Muka aro sikeli wajen mai shago muka mai da komai kilo. Tun kaka muke rubutawa har bazara, su da kansu suka ga layin farashin yana hawa, suka fara gardamar dalili.

Malamin Kimiyya, Maraɗi: Mu a Nijar damina a hutu take samun mu, sai Oktoba muke komawa. Don haka gida nake tura aikin. A yanke wuyan gorar roba, a kifa shi ciki ya zama mazurari, a zuba ruwa kaɗan har ya rufe gindin da ba daidai yake ba, daga nan a fara awo da rula. A ajiye ta a fili, nesa da indararo. Idan an dawo kowa ya kawo littafinsa. Unguwanni biyu a gari ɗaya sukan bambanta a ruwan dare guda, kuma wannan yana ba su mamaki ƙwarai.

Malama, Gombe: Ina roƙonku ku kula da irin tambayar da kuke aika yara da ita gida. A makarantarmu an taɓa cewa kowa ya ƙirgo dabbobin gidansu. Washegari wani dattijo ya zo ransa a ɓace, yana tambayar wa ya aiko a ƙirga masa shanu. Mutanenmu ba su manta da jangali ba. Ga kuma yaron da gidansu ko kaza babu, ya sunkuyar da kai ana karanta na wasu. Ni mintunan tafiya daga gida zuwa makaranta nake tambaya. Yawanci goma ne zuwa ashirin, sai 'yan ƙauye biyu da ke yin fiye da awa, suka ja matsakaicin lissafi, wato jimillar mintunan idan an raba da yawan yaran, sama. Na jera yaran a fili daga na kusa zuwa na nesa, na ce na tsakiya ya ɗaga hannu. Tun ranar suke bambance matsakaici da lambar tsakiya.

Malamin Kwamfuta, Katsina: Gaskiya ne Malama. Ni sai sun gama zanen sanduna da hannu, wato zanen da tsawon kowace sanda ke nuna girman lamba, nake shigar da lambobin a manhajar jera alƙaluma ta Google Sheets da ke wayata, su zo rukuni-rukuni su gwada da nasu. Nakan kuma rubuta musu cewa ƙidayar 2006 ta ba Najeriya mutum miliyan 140, in tambaye su ta yaya ake sanin yawanmu yau tunda ba a sake ƙirgawa ba. Daga nan suke gane bambancin ƙirga da ƙiyasi.

Malamar Lissafi, Zariya: Allah ya saka da alheri. Da mintunan tafiya zan fara, tunda ba ya buƙatar kuɗi. Malam na Kano, idan yaro ya ƙirƙiro farashi bai je kasuwar ba, yaya kake ganewa?

Malamin Lissafi, Kano: Bibbiyu nake tura 'yan unguwa ɗaya wajen mai awo ɗaya, kowa ya rubuta nasa daban. Idan suka saɓa, ajin ne ke yanke ko a karɓi lambar ko a sake tambayowa.