Tsohuwar parabol za ta iya kama siginar haidurojin daga sararin samaniya a nan Yamai?

Ɗalibin Harobanda:
Assalamu alaikum malamai. Ina da parabol mai faɗin mita 1.8, irin ta da mai LNB a tsakiya, da ɗan RTL-SDR, ƙaramar na'urar kama rediyo da ake cusa wa ordinatar. Iskar haidurojin da ke tsakanin taurari tana fitar da sigina a 1420 MHz, kabul ɗin LNB kuma yana ɗauke da 950 zuwa 2150 MHz, wato 1420 na ciki. To me ya sa ba na ganin komai sai hayaniya? Ko ƙurar hunturu ce ke tarewa?

Mai Gyaran Parabol:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙura ba ruwanta. Tsawon wannan igiya santimita 21 ne, ƙura da gajimare ba sa tare ta, ko da rana tsaka ana kama ta. LNB ɗin ne bai dace ba. Shi 10.7 zuwa 12.75 GHz yake ji, sai ya ɗebe 9750 ko 10600 MHz kafin ya turo ta kabul. Abin da kake gani a 1420 asalinsa 11170 MHz ne, ba haidurojin ba. Ka kula kuma, LNB na cin bolt 13 ko 18 daga dekodar, in wannan wutar ta shiga RTL-SDR kai tsaye za ta iya ƙona shi.

Cire LNB, ka sa gwangwani a wurinsa. Faɗin bakinsa santimita 15, tsawonsa kamar 28. Manyan gwangwanayen tumatir kusan hakan suke, sai dai gajeru ne, sai ka cire gindin ɗaya ka haɗa biyu da dalma, ko maƙeran kasuwar Katako su naɗa maka ɗaya. Huda gefensa santimita 9.3 daga rufaffen gindi, ka ɗaura mahaɗin N ko SMA, ka liƙa masa wayar tagulla mai kauri ta leƙa ciki santimita 5. In faɗin ya sauka ƙasa da 12.5 siginar ba za ta shiga ba sam, in ya wuce 16 kuma igiyar takan rikice a ciki.

Wurin da za ka kafa shi: ninka faɗin parabol da kansa, ka raba da zurfinta sau 16. In zurfin santimita 30 ne, 180 sau 180 a raba da 480, ya ba ka 67.5 daga tsakiyar faranti. Wannan ma'aunin ya faɗa ɗan cikin bakin gwangwani, ba a gindinsa ba.

Malamar Fizik:
Malam ya gama da ƙarfe. Saura abin da ya fi kayar da mutane: siginar ta fi hayaniyar na'urarka rauni nesa ba kusa ba. Masanin taurari Van de Hulst ya yi hasashenta tun 1944, amma sai a watan Maris na 1951 Ewen da Purcell suka kama ta a Harvard.

Kana buƙatar amfilifaya mai ƙarancin hayaniya, wato LNA, mai matatar 1420 a ciki, irin SAWbird+ H1. A jikin gwangwani za a ɗaura shi, kada a kai shi ɗaki. Kabul RG6 na cinye kusan 2.5 dB a kowace mita 10 a wannan mitar, kusan rabin siginar ke nan, kuma abin da ya ɓace kafin LNA ba ya dawowa. Bayan LNA ja kabul ɗinka yadda kake so. RTL-SDR V3 da V4 suna tura masa bolt 4.5 ta cikin kabul, amma sai ka kunna bias-tee, wato makunnin wannan wutar, a manhaja. Mantuwa da wannan kaɗai ta isa ta hana ka ganin komai.

Sa faɗin ɗauka a 2.4 MHz. Kada ka tsaya daidai kan 1420.406, domin na'urar takan nuna wani tsini na ƙarya a tsakiyar allo. Ɗan kauce, kamar 1420.0. Sannan tarawa, wato haɗa ma'aunai masu yawa a fitar da matsakaicinsu. Hayaniya na raguwa ne da tushen murabba'in lokaci: in kana son tsabta ninki biyu, sai ka tara ninki huɗu. Fara da minti 3 zuwa 5, da manhajar SDR# da ƙarinta IF Average, ko manhajar GNU Radio. Kafin nan ɗauki ma'aunin wofi, da rezistan om 50 a bakin LNA ko ka nuna sama inda haidurojin ya yi ƙaranci, ka ɗebe shi daga na gaske. Ba tare da haka ba, lanƙwasar matatar ce za ta fito kamar tudu ka ɗauka ka samu.

Ɗalibin Harobanda:
Na gode Malama, Allah ya ƙara sani. Ina zan nuna parabol ɗin? Ba ta da mota. Kuma ta yaya zan tabbatar daga sama abin yake, ba daga eriyar waya ta unguwa ba?

Injiniya daga Tawa:
Ba ka buƙatar mota, ɗan'uwa. Kwantar da ita ta kalli sama tsaye, juyawar duniya ta yi maka aikin, digiri 15 a awa. Faɗin saman da parabol ɗinka ke gani a igiyar santimita 21 ya kai digiri 8, saboda haka kuskuren digiri ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Yamai na kan digiri 13.5 arewa, mu a Tawa kusan 15, kuma farin zanen taurarin nan da ake ce wa Voie lactée, inda haidurojin ya fi yawa, yana ratsa saman kanmu sau biyu a kwana ɗaya. Na farko wajen awa biyu da rabi bayan Kaza da 'Ya'yanta ta kai tsakiyar sama. A ƙarshen Disamba wajen ƙarfe ɗaya saura na dare ke nan. Na biyu awa 13 bayansa, kuma shi ya fi daɗin kallo, don tudun da siginar ke yi a allo yana bajewa zuwa ƙasan 1420.406 da kusan 300 kHz. Kowace 4.74 kHz kilomita ɗaya ce a daƙiƙa, wato gizagizan iskar da ke nisantarmu da gudun kilomita 60 da wani abu. Manhajar taswirar sama Stellarium za ta ba ka lokacin kowace rana.

Tabbatarwa kuwa agogo ne. Bar na'urar kwana uku ko huɗu tana ajiye ma'auni. Abin sama yana dawowa bayan awa 23 da minti 56, kullum yana rigan jiya da minti 4. Da wannan injiniyan rediyo Karl Jansky ya gane a farkon shekarun 1930 cewa hayaniyar da yake ji a 20.5 MHz daga tsakiyar tarin taurarinmu take. Siginar ɗan Adam kuwa siririn tsini ce da ke tsaye wuri guda. An hana watsa komai tsakanin 1400 da 1427 MHz, amma eriyar 900 da 1800 MHz in tana kusa takan cika LNA marar matata, kuma inbata ta sola, cajar ordinatar da ƙwan LED masu arha duk suna zubo datti. Gwada da batir kaɗai, ka kashe su ɗaya bayan ɗaya ka ga wane tsini ya ɓace.

Zafin Afrilu ma abokin gaba ne. RTL-SDR in ya yi zafi ƙarfinsa na sauyawa, ma'aunin wofin da ka ɗauka da asuba ba zai yi da azahar ba. Ajiye shi a inuwa kan faffaɗan alminiyom, ka bar shi minti 20 a kunne kafin ka fara. Tsofaffin da ba su da TCXO, agogon ciki da zafi ba ya kautar da shi sosai, sukan kauce da 50 ppm (kashi 50 cikin miliyan), wato 71 kHz, kuskuren kilomita 15 a daƙiƙa. Kada parabol ta hango bango ko bishiyar dalbejiya, don duk abu mai ɗumi yana fitar da tasa hayaniyar. Bakin gwangwanin kuma rufe shi da leda, saboda ruwan damina da zanzaro.