Musayar waƙa: tsofaffin waƙoƙin da suka hau lamba ɗaya, da waɗanda aka tare wa ƙofa

Tsohon Mai Kaset

Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya ina gyaran ɗaki na ci karo da wani kwali cike da kaset tun na lokacin da nake da shago, wasu duk zaren ya manne, na ɗauko guda na zura biro a ramin ina juyawa kamar yadda muke yi da don kar batir ya ƙare wajen mayar da shi baya, wallahi sai na ji wani abu ya taso min a ƙirji. Thriller ne na Maikel Jaksin. Shi ne na ce bari in buɗe mana musayar wannan satin da shi. Maganarmu kan jadawalin Billboard ce na Amurka, jerin waƙoƙi 100 ɗin nan da suke fitarwa duk mako tun 1958. Sharaɗi ɗaya ne, mai amsa ya amsa da baiti, kuma ya zo da lissafi na gaskiya, banda shaci-faɗi.

Sallama nake yi ga 'yan zaurenmu,
Ku matso kusa mu ɗan tuna da jiya.

Ƙarshen Nuwamba, 1982,
Faifan Thriller ya faɗo duniya.

Mako 37 yana kan gaba,
Sauran faya-fayai suna bin baya.

Waƙa tara ce a cikinsa duka,
Bakwai a goman farko, ba jayayya.

Billie Jean mako bakwai ta riƙe,
Beat It ta yi uku a lamba ɗaya.

Kyautar Grammy takwas dare guda,
Kafin 1984 ba wanda ya iya.

Ni dai a shagona yatsa ya gaji,
Da danna rikoda dare da safiya.

In da wanda ya kai shi a kawo min,
Na baza kunne, a faɗa min gaskiya.

Uwar Biyu

Wa alaikumus salam Kawu, sannunku da ƙoƙari, kun tuna min da gidanmu. Yayarmu ce mai rikoda kuma ba mai taɓa mata ita. Ga tawa, ƙafiyata daban ce a yi haƙuri.

Kawu na ji batunku, na kuma yarda,
Maikel gwani ne, ba mai musantawa.

Amma a bar mata su ɗan yi magana,
Witni Hustin nake son tunawa.

Daga 1985 zuwa 1988,
Waƙa bakwai a jere suna hayewa.

Kowacce ta fito sai lamba ɗaya,
Ba wadda ta tsaya tana lallaɓawa.

Sai 1992, fim ɗin Bodyguard,
Ta ja murya, tsigar jiki na miƙewa.

I Will Always Love You, mako 14,
Tana sama, ba alamar saukowa.

Abin da ba na mantawa shi ne farkon waƙar ba kiɗa ko kaɗan, murya ce zalla, to duk lokacin da aka sa ta yayarmu sai ta ɗaga hannu kowa ya yi tsit har mai daka sai ta ajiye taɓarya, sannan can wajen ƙarshe akwai inda komai ke tsayawa ɗif kamar an ɗauke wuta, sai ganga ta faɗi sau ɗaya tim, sai muryar ta tashi. Har yau in na ji wurin nan sai na rufe ido.

Mai Lissafi

Gaisuwa ga Kawu da Yaya. Duk abin da kuka kawo daidai ne, amma akwai wani abu da in ba a faɗe shi ba za a zalunci mutanen da.

Yaya, mako 14 gaskiya ne,
Ban zo don in rage mata komai ba.

Sai dai mudun da aka auna Maikel,
Ba shi aka auna taki gwanar ba.

Da can waya ake buga wa kantuna,
Mai kanti ya faɗa da ka, ba a duba ba.

Gidan rediyo ma ya aiko jerinsa,
Ba wanda ya zauna ya ƙirga, ba a ji ba.

Ƙarshen Nuwamban 1991,
Aka sa kwamfuta, ba ta san kara ba.

Duk faifan da aka saya ta rubuta,
Ba ta bar wanda aka sa a rediyo ba.

Daga nan waƙa ta fara daɗewa sama,
Irin daɗewar da ba a saba gani ba.

Ku duba ku gani, Elbis Firesli ya yi mako 11 a 1956, a jadawalin da ya gabaci wannan, abin ya zauna shekara 36 ba wanda ya wuce shi. Ana canza mudu sai ga Boyz II Men sun yi 13 da End of the Road a 1992, ko gama murna ba su yi ba Witni ta zo ta yi 14, sai kuma su ɗin suka haɗa kai da Mariya Keri suka yi One Sweet Day ta yi 16 daga ƙarshen 1995 zuwa 1996. Wannan ta daɗe, sai 2017 Despacito ta kamo ta, 2019 Old Town Road ta wuce da 19. Don haka ni a wajena mako bakwai na Billie Jean ba ƙaramin abu ba ne. Sannan Yaya, waƙar nan taki Doli Fatin ce ta rubuta ta tun 1973, ta bankwana ce ga abokin aikinta da za ta bar shirinsa, kuma ita ma ta kai ta lamba ɗaya har sau biyu a jadawalin kiɗan kantiri, 1974 da 1982.

Ɗan Damagaram

Ni fa raina bai kwanta da wannan jadawalin ba sam, ku yi min afuwa manya.

Ku dakata malamai, ina da ƙorafi,
Akwai wanda kuka tsallake sunansa.

Bob Marli nake nufi, ɗan Jamaika,
Wanda har yau ake rataya hotonsa.

Har ya rasu a Mayun 1981,
Lamba 51 ce iyakar hawansa.

Roots, Rock, Reggae ce ta kai can,
A 1976, shi ke nan rabonsa.

Erik Kilaftin ya ɗau I Shot the Sheriff,
Ya sake rera ta da salon jitarsa.

A 1974 ta hau lamba ɗaya,
Mai ita na gefe da alƙalaminsa.

In mudu ya auna zinari ya ce dusa ce,
Sai a tuhumi mudun da mai riƙonsa.

Mai Lissafi

Ɗan'uwa ba ka yi ƙarya ba ko ɗaya. Amma ka tuna jadawalin nan kasuwar Amurka kaɗai yake aunawa, kuma mako guda guda.

A Ingila ka je ka duba nasu,
Can ba su yi wa Bob irin wannan ba.

Could You Be Loved ta kai lamba 5,
A 1980, bai riga ya tafi ba.

Faifan Legend a 1984,
Ya hau na ɗaya, shi bai gani ba.

Jems Burawun ma, uban kiɗan fonk,
Bai taɓa wuce lamba 3 a wannan jerin ba.

'Yar Garwa

Ina gaishe ku daga Kamaru. Tun ɗazu nake karantawa ina jira a zo wajen namu ba a zo ba, to Kawu wannan naku ne kai tsaye tunda kaset ɗin yana hannunku yanzu haka.

Kawu ku mayar da kaset ɗin farko,
Waƙar buɗewa akwai hannun namu.

Manu Dibango, haifaffen Duwala,
Mai busa saksofon, baban ƙasarmu.

1972, gasar kofin Afirka,
Mu ne masu masauki, a filinmu.

Aka ce ya yi wa 'yan ƙwallo take,
A bayan faifan ya sa kiɗan gidanmu.

Soul Makossa ta tsallaka teku,
Ta kai lamba 35, ta ɗaga kanmu.

Bayan shekara goma Maikel ya ɗau amshin,
Bai nemi izini ba wajen dattijonmu.

Tasa ta hau har lamba 5 a Amurka,
Sai daga baya aka sasanta da namu.

Wanna Be Startin' Somethin' nake nufi, ku saurari ƙarshenta inda ake tafi ana maimaita amshi, na Manu ne aka ɗan lanƙwasa. Ya rasu a Maris ɗin 2020 a Faransa lokacin korona, ranar mahaifina bai ce wa kowa komai ba, ya ɗauko rediyo ya zauna ƙofar gida har magariba. Kuma tunda ana lissafi, Miriam Makeba ta kai lamba 12 da Pata Pata a 1967, Hugh Masekela kuma ya hau lamba ɗaya sukutum a 1968 da busar kakakinsa, dukansu 'yan Afirka ta Kudu ne da mulkin wariya ya raba da gida.

Tsohon Mai Kaset

'Yata Allah ya yi miki albarka. Wallahi shekara nawa ina sayar da kaset ɗin nan ban taɓa sanin haka ba, yanzu na sa shi na ji wurin, gaskiyarki, na karɓa hannu biyu. Bai rage min son Maikel ba amma daga yau in na ambaci faifan sai na ambaci Manu. Allah ya ƙara wa mahaifinki lafiya. Tunda kin kawo mu Afirka bari in ƙara guda.

Janairun 1985 aka kwana aiki,
A Los Anjalas, taurari gaba ɗaya.

Maikel da Layonel Rici suka rubuta,
Kwinsi Jons ya riƙe ragamar tafiya.

Yunwa ce ta afka wa ƙasar Habasha,
Hotunan yara suka tada duniya.

We Are the World mako huɗu ta yi,
A watan Afrilu ta hau lamba ɗaya.

Ba ta kai 14 ba, ba ta kai 16 ba,
Amma kuɗinta ya zama hatsi a tukunya.

Ɗan Damagaram

Kawu wannan kam ba ni da ja. Farin 1984 mu ma bai bar mu ba, ina yaro amma ina tune da shanun kakana.

Shekarar nan mu ma mun ga tasku,
Makiyayi ya dawo da sandarsa.

Garken da ya fita da shi da kaka,
Igiya kawai ta rage a hannunsa.

In na ji waƙar nan ba taurari nake gani ba,
Kakana nake gani zaune a zaurensa.

Autan Zaure

Allah sarki Yaya, Allah ya jiƙan magabata. Iyayena ni ban ga zamanin kaset ba sai a labari, a waya na tashi, amma ku bar ni in sa nawa ko da bai kai naku daɗi ba.

Iyayena ku ba auta wuri,
Zamaninmu na da abin faɗa shi ma.

2012 ɗan Koriya ya zo da rawar doki,
Gangnam Style ta tashi jama'a da dama.

Mako bakwai tana lamba 2,
Maroon 5 sun hana ta hawa sama.

Lokacin ba a ƙirga kallon YouTube,
Sai Fabrairun 2013 aka soma.

Da an ƙirga tun farko, ni a ganina,
Da kujerar nan ita za ta kama.

2016 Drake ya jawo Wizkid,
One Dance mako 10 da tutar girma.

Rema ya kai lamba 3 a 2023,
Calm Down, ɗan Najeriya ya sami alfarma.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne waƙar Kirsimetin Mariya Keri, ta fito 1994 amma ba ta hau lamba ɗaya ba sai Disambar 2019, shekara 25 kenan, don yanzu duk wanda ya danna waya ya saurara ana sa shi a lissafi, tsohuwar waƙa ma tana iya farfaɗowa.

Uwar Biyu

Auta ka yi ƙoƙari sosai, kar ka ƙara cewa bai kai ba. Maganar lamba 2 ɗin nan da ka taɓo ita ce ta dawo da ni, don akwai wasu bayin Allah da duk lokacin da na tuna su sai sun ba ni tausayi.

Auta ka taɓo inda yake min ciwo,
Lamba 2 kujera ce ta mai jira.

Ƙungiyar Foreigner a 1981,
Da sanyin ƙarshen shekara suka fara.

Waiting for a Girl Like You sunanta,
Sunan ma kansa magana ce ta jira.

Olibiya Niyuton-Jon ta tare ƙofa,
Da Physical ta tsare su mako tara.

Da ta sauka, ƙofa ta yi kamar ta buɗe,
Hall da Oates suka shige, aka ƙara.

Mako 10 cif suna bakin ƙofa,
Taki guda ne kacal ya yi saura.

Tsohon Mai Kaset

Kai jama'a na gode, na ƙaru ƙwarai. Ina cikin karanta baitin Uwar Biyu rikodar ta cinye min zaren Thriller daidai tsakiyar gefe na biyu, na zaro shi a hankali ya tsinke a wuri ɗaya, yanzu haka na kwance kusoshin na shimfiɗa shi kan jarida, jikata ta tafi aro min jan farce in liƙe bakin kamar yadda muke yi a shago. A ƙasan kwalin kuma na ga kaset huɗu na Don Wiliyams da biyu na Keni Rojas, direbobin manyan motoci su suka fi sayensu a wajena. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu da su za mu buɗe, Mai Lissafi ka shirya mana lambobinsu, 'Yar Garwa ke za ki zaɓi ƙafiya.