Ta yaya jiki ke gane ƙwayar maleriya?

Ɗalibi daga Nima: Assalamu alaikum. Ƙanwata ta kwana tana rawar ɗari. Ta yaya garkuwar da aka haife mu da ita ke gane ƙwayar cizon sauro?

Malamin kimiyya, Mamobi: Wa alaikumus salam, ɗana. Ƙwayar tana cin himogulobin, jan sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin, ta bar baƙin tarkace mai suna himozoyin, wanda DNA ɗinta (sinadarin gadonta) ke maƙale masa. Idan fararen ƙwayoyin jini suka haɗiye shi, sai wani mai gadi a cikinsu, TLR9, ya gane baƙon DNA, su saki sinadaran da ke ta da zazzaɓi.

Ma'aikaciyar jinya, Kumasi: Tun ƙwayar tana cikin hanta ma, kafin ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, wani mai gadin, MDA5, kan gano RNA ɗinta, sinadari ɗan'uwan DNA. Don Allah ƙanena, ku kai ta gwajin jini yau. Allah ya ba ta lafiya.